Ƙaramin Karen Tumaki na Tsibiran Shetilan: Yadda Ake Kiwonsa da Kai Shi Gasa

A wannan shafi mun saba yin magana bisa shanu, tumaki, awaki da kaji. Yau maganarmu bisa kare take. Akwai ƙasashen da kiwon karnuka sana'a ce mai tsari, da dokokinta, da littafin asali, da likita, da gasa ta kowace shekara. Za mu duba wani ƙaramin kare mai taya makiyayi aiki, wanda ake kira shelti. Za mu ga yadda ƙananan gidajen kiwo na ƙasar Birtaniya suke zaɓen iyayensa, yadda suke renon ƴaƴansa, da yadda suke kai shi gasa. Dokar gado iri ɗaya ce ga kare da akuya. Wanda ya gane ta wajen ɗaya zai gane ta wajen ɗayan.

Daga ina wannan kare ya fito?

A arewacin ƙasar Birtaniya akwai yankin da ake kira Sikotilan. Idan aka shiga teku daga can aka yi arewa, tafiyar fiye da kilomita 150, sai a tarar da tsibiran Shetilan. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Tsibiran sun kai wajen 100, amma waɗanda mutane ke zaune cikinsu ba su kai 20 ba. Babban garinsu shi ne Lerwik.

Wuri ne mai sanyi da iska mai ƙarfi. Itatuwa ba su da yawa, ciyawa gajera ce, ƙasar noma kaɗan ce. Dabbobin wurin ƙanana ne. Tumakinsu ƙanana ne masu gashi mai laushi. Dokinsu ba ya wuce santimita 107 a tsayi, wato kusan tsayin jaki. Inda abinci ya yi ƙaranci, ƙaramar dabba ta fi sauƙin riƙo. Haka karensu ma ya zama ƙarami.

Aikin karen shi ne tsaron gona da gida. Tumakin tsibiran suna yawo sake a kan tuddai. In sun nufo shuka, kare ya kore su da gudu da haushi. Yana kuma taya tattara su in lokacin cire gashi ya yi. Har yau shelti kare ne mai yawan haushi, mai sa ido ga duk abin da ya motsa. Wannan hali daga kakanninsa ya samo shi.

Yadda karen gona ya zama karen gasa

Baƙi masu zuwa tsibiran sun ga ƙananan karnukan, sun so su, suka riƙa saye suna tafiya da su. A shekarar 1908 masu kiwo suka kafa ƙungiya a Lerwik. A 1909 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Birtaniya, mai suna Kennel Club, wadda aka kafa tun 1873, ta karɓi wannan kare cikin littafinta. A 1911 aka rubuta na farko a littafin ƙasar Amurka.

Da farko ana kiransa koli na Shetilan. Koli babban karen tumaki ne na Sikotilan, mai dogon gashi da dogon baki. Masu kiwon koli ba su yarda a raba suna da su ba. Saboda haka a 1914 aka sauya sunan, aka ce karen tumaki na Shetilan. Shelti shi ne gajeren sunan.

A waɗannan shekaru masu kiwo sun haɗa shi da koli, don ya sami kyan gashi da kyan kai irin na koli. Sun sami abin da suke so. Amma tare da kyan, sun jawo abu biyu da har yau ake fama da su: girman jiki da ba ya tsayawa wuri ɗaya, da waɗansu cututtuka na gado.

Yaya kamanninsa suke?

Kowane irin kare yana da takardar siffa. Cikinta aka rubuta yadda cikakken kare na wannan iri ya kamata ya kasance. Bisa takardar Birtaniya, ana son namijin shelti ya yi santimita 37 daga ƙasa zuwa kafaɗa, mace kuma 35 da rabi. Bisa ta Amurka, daga santimita 33 zuwa 41. Wanda ya wuce haka ko ya gaza, a Amurka fitar da shi ake yi daga gasa. Nauyinsa yakan kama daga kilo 7 zuwa 11. Yakan yi shekara 12 zuwa 13 a duniya.

Gashinsa hawa biyu ne. Na sama dogo ne mai kauri, yana tare ruwa. Na ƙasa gajere ne mai laushi kamar auduga, yana tare sanyi. Kunnuwansa a tsaye suke, amma bakinsu ya ɗan karyo gaba. Launinsa yakan zama ja-ja da fari, ko baƙi da fari da ja, ko toka-toka mai dabbaren baƙi. Ku riƙe wannan launi na ƙarshe, za mu komo kansa.

Kare ne mai saurin koyo. A 1994 wani malamin jami'a na ƙasar Kanada, Stanley Coren, ya jera ire-iren karnuka fiye da 100 bisa saurin ɗaukar horo. Shelti ya zo na 6.

Mene ne ƙaramin gidan kiwo?

Ƙaramin gidan kiwo yawanci gidan iyali ne. Karnukan ba su da yawa, kuma tare da mutane suke zaune. A shekara akan sami haihuwa ɗaya ko biyu. Mai gidan yana da sunan kiwo da ya rubuta wajen ƙungiya. Duk ɗan da aka haifa a gidansa yana ɗauke da wannan suna har mutuwarsa. In karen ya yi kyau, sunan ya ɗaukaka. In ya fito da cuta, kowa ya san gidan da ya fito.

Babban kayan aikin mai kiwo shi ne kundinsa. Ciki yake rubuta sunan kowane kare, da na uwarsa da ubansa da kakanninsa, zuwa hawa 3 ko 5. Ciki yake rubuta ranar barbara, ranar haihuwa, yawan ƴaƴa, nauyinsu, alluran da aka yi masu, da sakamakon awon likita. In kare ya mutu, ya rubuta abin da ya kashe shi. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, kundi ba ya mantuwa.

Akwai kuma waɗansu wurare da ake tara karnuka mata da yawa cikin ƙazanta, ana sa su haihuwa ba hutu don neman kuɗi kawai. Saboda irin waɗannan wurare hukumar Ingila ta tsananta doka. Tun 2018, duk mai samun haihuwa 3 ko fiye cikin wata 12 yana sayarwa, sai ya nemi izinin hukuma, an zo an duba gidansa. Tun 2020 an hana dillalai da masu kanti sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba. Mai saye sai ya je wajen mai kiwo da kansa, ko wajen gidan da ke riƙon karnukan da ba su da mai su.

Zaɓen uwa da uba

A nan ne aikin duka yake. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ke jikin iyaye, mai kyau da marar kyau, shi ke sauka ga ƴaƴa. Mai kiwo nagari yana duba abu huɗu, kuma ga yadda suke bi da bi:

1. Lafiya. An auna idanu da ƙugu, an yi awon gado.
2. Hali. Kare mai yawan tsoro ko mai cizo ba a barinsa ya haihu, kome kyansa.
3. Ginin jiki. Ƙafafu madaidaita, haƙora cikakku, tafiya ba ɗingishi.
4. Kyan gashi da launi. Wannan shi ne na ƙarshe.

Ƙungiyar Kennel Club tana da sharuɗɗa don kare lafiyar uwa. Ba ta rubuta ƴaƴan karyar da aka yi wa barbara kafin ta cika shekara 1. Ba ta rubuta na wadda ta kai shekara 8, sai da izini na musamman. Tun 2012 ba ta rubuta fiye da haihuwa 4 ga karya ɗaya. Tun 2009 ta daina rubuta ƴaƴan da aka samu tsakanin uba da ƴarsa, ko uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa. Don mu gane dalilin wannan hani na ƙarshe, sai mun san yadda gado yake tafiya.

Yadda cuta take ɓoyewa cikin gado

Ga kowane hali na jiki, ɗa yana samun rabo biyu. Ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Masana suna kiran su ƙwayoyin gado. Akwai cututtukan da ba sa bayyana sai ɗa ya sami ƙwaya marar kyau daga ɓangare biyu. In daga ɓangare ɗaya ya samu, lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da cutar a ɓoye, kuma zai iya ba ƴaƴansa.

Ga misalin da kowa zai iya gwadawa a gida. Ku sami ƙwarya biyu. Ɗaya uwa ce, ɗaya uba. Cikin kowace ku sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya. Fari shi ne lafiya, ja shi ne cuta. Ku rufe ido, ku ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya. Ku duba, ku mayar, ku sake. In kun yi haka sau da yawa, ga abin da za ku gani: cikin kowane ɗauka 4, kusan 1 fari da fari ne, 2 fari da ja ne, 1 kuma ja da ja. Fari da fari shi ne ɗa mai lafiya sarai. Fari da ja shi ne mai lafiya wanda ke ɗauke da cuta a ɓoye. Ja da ja shi ne marar lafiya.

Yanzu ku cire jan wake daga ƙwarya ɗaya, ku sa fari a madadinsa. Kome yawan ɗaukar da kuka yi, ba za ku sami ja da ja ba. Wannan shi ne asirin zaɓen iri. Ƴan uwa na kusa sukan ɗauki jan wake iri ɗaya, don daga kaka ɗaya suka gāje shi. In an haɗa su, ja ya gamu da ja. Shi ya sa ake neman namiji daga wani gida.

Cututtuka uku da mai kiwon shelti ke tsoro

Ta farko cutar ido ce wadda aka sani ga koli da danginsa. Wani sashe na can cikin ido ne ba ya ginuwa daidai tun a ciki. Ga yawancin karnuka abin da sauƙi, suna gani. Ga waɗansu kuwa yakan kai ga makanta. Ba ta da magani. Likitan ido yana duba ƴaƴan tun suna da sati 6 zuwa 7, domin in sun girma alamar takan ɓuya. Yau ana kuma goga auduga cikin kumatun kare, a aika wurin awo, a gane ko yana ɗauke da ita.

Ta biyu ta shafi launin nan toka-toka mai dabbare. Mutane suna son wannan launi, yana da tsada. Ƙwaya ɗaya ta wannan launi ita ke ba da dabbaren. In ɗa ya sami biyu, yakan fito kusan fari fat, sau da yawa kurma, ko makaho, ko mai ƙananan idanu. In an haɗa mai dabbare da mai dabbare, lissafin wake ya nuna 1 cikin 4 zai fito haka. Tun 2013 Kennel Club ba ta rubuta ƴaƴan irin wannan haɗi. Mai dabbare sai a haɗa shi da marar dabbare.

Ta uku ita ce rashin jimirin waɗansu magunguna. A jikin kare mai lafiya akwai wani abu kamar mai gadi, tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Aikinsa shi ne fitar da magani daga ƙwaƙwalwa kafin ya taru. Waɗansu karnukan tumaki ana haihuwarsu ba wannan mai gadi. A 2001 wata likitar dabbobi, Katrina Mealey, da abokan aikinta a jami'ar jihar Washinton ta Amurka, suka gano ƙwayar gadon da ke kawo haka. Ana kiranta MDR1. Bisa lissafin jami'ar, wajen koli 70 cikin 100 suna ɗauke da ita, shelti kuma wajen 15 cikin 100.

Maganin da ya fi shahara wajen cutar da su shi ne ibermektin. A jikin kwalba ana rubuta shi ivermectine. In ya yi yawa ga irin wannan kare, sai miyau ya riƙa dalala, ƙwayar ido ta buɗe, ya yi tangaɗi da makyarkyata, ya daina gani, ya suma, har ya mutu. Maganin zawo mai suna loperamid shi ma yana yi masu illa.

Daga barbara zuwa haihuwa

Karya takan nemi namiji kusan sau 2 a shekara. Lokacin yakan ɗauki wajen sati 3. Ga yawancinsu, kwanakin ɗaukar ciki suna faɗowa tsakanin kwana na 10 da na 14. Likita yana iya auna jini ya faɗi ranar da ta fi dacewa. Sau da yawa mai karya yakan yi doguwar tafiya zuwa gidan namijin da ya zaɓa, ya biya kuɗin barbara.

Cikin karya kwana 63 ne, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan wuce. A sati 3 na ƙarshe ana ƙara mata abinci, ana ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ana shirya mata akwati mai faɗi a ɗaki mai ɗumi, da shimfiɗa mai tsabta. Zafin jikinta na kullum wajen digiri 38 da rabi ne. In ya sauka zuwa wajen 37, haihuwa ta kusa, yawanci cikin kwana ɗaya. In ta yi ta yunƙuri mai ƙarfi na rabin awa ɗa bai fito ba, a kira likita nan take. Shelti takan haifi ƴaƴa 4 zuwa 6.

Renon ƴaƴa

Ana haihuwar kwikwiyo ido rufe, kunne toshe. Ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, don haka sanyi yana kashe shi da sauri. Dole ya sha dakashi, wato nonon farko, a ranar da aka haife shi. Cikinsa ne kariya daga cututtuka take. Mai kiwo yana ɗora kowane ɗa bisa ma'auni kullum. Wanda nauyinsa bai ƙaru ba, akwai abin da ke damunsa.

Ga yadda kwanakin suke tafiya:

Kwana 10 zuwa 14: idanu suna buɗewa.
Sati 2: maganin tsutsar ciki na farko. Ana maimaitawa kowane sati 2 har su kai sati 12.
Sati 3 zuwa 4: ana fara ba su abinci mai ruwa-ruwa, suna ci suna shan nono.
Sati 6 zuwa 7: awon ido.
Sati 6 zuwa 8: allurar riga-kafi ta farko. Ta biyu tana biyowa bayan sati 2 zuwa 4.
Sati 8: sun isa rabuwa da uwa. Dokar Ingila ta hana sayar da su kafin haka.

Tun 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare wata ƴar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya. Tana ɗauke da lamba. In kare ya ɓata, da lambar ake gane mai shi.

Tsakanin sati 3 da sati 12 ne kwikwiyo yake koyon zama da duniya. Shelti yana da ɗari-ɗari da baƙo. Saboda haka ana sa yara da manya su riƙa ɗaukarsa, ya ji ƙarar mota da ta tukunya, ya taka ciyawa da siminti. Wanda aka kulle a wannan lokaci yakan tashi matsoraci.

Sai maganar tsayi. Saboda jinin koli da ke jikinsu, cikin haihuwa ɗaya akan sami wanda zai yi girma da yawa da wanda zai tsaya ƙarami. Mai kiwo yana auna tsayinsu sati-sati, yana gwadawa da abin da ya rubuta na ƴaƴan baya. Da haka yake gane wanda zai tsaya daidai. Shi yake ajiyewa don gasa. Sauran a sayar wa iyalai su zama karnukan gida. Akwai masu haɗa tsumburarru da tsumburarru don su sami ɗan mitsitsin kare su sayar da tsada. Masu kiwo na kirki ba sa haka, domin sau da yawa rashin lafiya ne ke hana ɗa girma.

Mai kiwo nagari yana yi wa mai saye tambayoyi kafin ya ba shi kare. Yana nuna masa uwar tare da ƴaƴanta, da takardun awo. Da yawa suna sa hannu cewa in riƙo ya gagara, a maido masu karensu. Mai saye kuwa da bai ga uwa ba, ya yi cinikin biri a sama.

Ranar gasa

Gasar karnuka mafi shahara a Birtaniya ita ce Crufts. Wani ɗan kasuwa mai suna Charles Cruft ya fara ta a 1891. Tun 1991 a birnin Barmingam ake yin ta, kwana 4, yawanci cikin watan Maris. Karnuka wajen 20.000 suke zuwa. Ba kowane kare ake karɓa ba, sai wanda ya riga ya yi nasara a wata gasa.

Shiri yana farawa tun a gida. Ana koya wa kare tsayuwa cik bisa tebur, da tafiya a gefen mai shi da siririyar igiya, da barin baƙo ya buɗe bakinsa. Ana yayyafa wa gashin ruwa, a taje shi layi-layi har zuwa fata. Ana rage gashin ƙafafu, a yanke farce, a goge haƙora. Daga wata 6 kare ya isa shiga gasa.

A fili ana raba su bisa shekaru, maza dabam, mata dabam. Alƙali yana gwada kowane kare da takardar siffa. Yana sa hannu cikin gashi ya taɓa ƙashi da tsoka, domin gashi mai yawa yana ɓoye aibi. Yana duba haƙora, waɗanda ya kamata su cika 42. Yana duba ido da kunne. Sa'an nan ya sa a yi tafiya da karen, gaba da baya da kewaye, ya ga yadda ƙafafu ke sauka.

A manyan gasa, namijin da ya fi da macen da ta fi suna samun takardar nasara. Karen da ya tara irin wannan takarda 3, daga hannun alƙalai 3 dabam-dabam, shi ake kira zakara. A Crufts an kasa karnuka rukuni 7. Shelti yana cikin rukunin karnukan kiwo. Gwanin kowane rukuni yana fitowa a daren ƙarshe, a zaɓi ɗaya cikin 7. Kuɗin kyautar kaɗan ne, bai kai kuɗin kwikwiyo ɗaya ba. Suna ake nema.

Akwai kuma gasar aiki. Cikinta kare yana tsallake shinge, ya ratsa rami, ya bi ta tsakanin sanduna da gudu. An fara nuna ta a Crufts a 1978, kuma shelti yana cikin gwanayenta.

Amfanin gasa da haɗarinta

Amfanin gasa shi ne mai kiwo ya ji ra'ayin wani. Kowa yana ganin nasa ya fi. Alƙali baƙo shi ke faɗa masa gaskiya. A can kuma yake ganin mazan waɗansu gidaje, ya zaɓi wanda zai gyara abin da karyarsa ta rasa.

Haɗarin kuwa biyu ne. Na farko, alƙali ido da hannu gare shi, ba ya ganin jan waken da ke ɓoye. Kare yana iya zama zakara alhali yana ɗauke da cuta. Na biyu, in namiji ɗaya ya yi suna, kowa sai ya kai masa karyarsa. Bayan ƴan shekaru karnuka masu yawa sun zama jikokinsa. In an haɗa su, an haɗa ƴan uwa ke nan ba a sani ba. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri bisa wahalar da karnukan gasa ke sha saboda irin wannan kiwo. Mutane sun fusata. BBC ta daina nuna Crufts. A 2009 Kennel Club ta sake duba takardun siffa, ta gyara inda suke jawo cuta.

Wani abin lura kuma: makiyayan Shetilan na yau sun fi aiki da wani kare, wanda ake kira boda koli, domin shi an ci gaba da zaɓensa bisa aiki. Abin da aka zaɓa shekara da shekaru, shi ake samu. Abin da aka daina dubawa, sannu a hankali yakan ragu.

Abin da ya shafe mu

Shelti karen sanyi ne. Gashinsa mai hawa biyu bai dace da zafin watan Afrilu na Tawa ko Damagaram ba. Karnukanmu masu gajeren gashi sun fi dacewa da ƙasarmu. Amma akwai abu uku cikin wannan bayani da suka shafe mu kai tsaye.

Na farko, ibermektin yana hannun makiyayanmu, ana yi wa shanu da tumaki allurarsa don tsutsa da ƙazuwa. An haɗa shi da ƙarfi don manyan dabbobi. In ya yi yawa, kowane irin kare yana iya cutuwa. Kada a yi wa kare allurar shanu da ka. A tambayi ma'aikacin kiwo.

Na biyu, a Birtaniya babu haukan kare tsakanin karnukansu. A ƙasarmu akwai shi, kuma in alamunsa sun bayyana ga mutum, ba ya warkewa. Duk mai kare ya kai shi a yi masa allurar riga-kafi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi likita a ranar.

Na uku, lissafin wake yana aiki cikin garkenmu. A cibiyar kiwon jar akuya ta Maraɗi, da tashar shanun Azawak ta Tukunus, da zaɓen iyaye da rubuta asali ake gyara iri. Bunsurun da ya daɗe cikin garke zai hau ƴaƴansa da jikokinsa. A musanya shi da na wani gari kafin ƴaƴansa mata su isa barbara. In buƙata ta taso, a sayar da na baya, a bar mafi lafiya ya zama uban garke.

Mu riƙe waɗannan

1. Lafiya da hali su ne gaba, kyau yana baya.
2. Dabba mai lafiya tana iya ɗauke da cutar gado a ɓoye.
3. Kada a haɗa uba da ƴa, uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa.
4. Uwa tana buƙatar ta girma kafin ciki, ta kuma huta tsakanin haihuwa.
5. A rubuta asalin kowace dabba, da ranar haihuwarta, da alluranta.
6. Ba a ba dabba magani sai da shawarar ma'aikacin kiwo.

Abin da mutum ya shuka shi yake girba, a gona da cikin garke. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.